Inda Giris Ɗin Ya Tafi

Da sunan Allah nake farawa. Ni ban yi karatu ba, surukata ce ke riƙe da biro, na kuma ce mata ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ta gyara mini. Labarin mijinta ne, autana, wanda a gonar da yake aiki suke ce wa Giya Ɗaya.

Sunan nan ban taɓa sonsa ba. Ranar da na fara jinsa a bakin maigadin gonar sai da na tsaya na ce, wace giya kuma? Ya ce, Inna, ta mota ce, ba ta kwalba ba. Wai don ba ya sauri. Sauran direbobi su gama fili su dawo su zauna a inuwa, shi yana can yana tafe kamar mai bin gawa. Amma idan shuka ta fito, layinsa ake nuna wa baƙi.

Babbar gona ce, da gidajen ma'aikata a gefenta. A nan ubansa ya yi leburanci har Allah ya karɓi abinsa, a nan na haife shi, shi ne na bakwai. Bai yi nisa a makaranta ba. Ya fara da ɗaukar buhu, aka mayar da shi wankin tarakta, daga nan wani tsohon direba ya ga yana da hankali ya ɗora shi a kujera. Shekara ashirin da biyu ya yi a kanta. Ya yi aure, yara biyar. Ba shi da surutu, ba ya shan komai sai shayi, kuma tun da ya fara aikin nan yake sa a rage masa tsawon riga, ya ce ƙarfen da ke juyawa ba ya tambayar rigar wane ce.

Wanda bai san tarakta ba zai ɗauka ja kawai take yi. Garma dai ja ne. Amma akwai injinan da sai an ba su juyi kafin su yi aiki, na yankan ciyawa, na watsa taki, na feshi. A bayan taraktar, can ƙasa tsakanin manyan tayoyi, akwai wani guntun ƙarfe da bai wuce tsawon tafin hannu ba, mai haƙora shida, shi ke juyawa. Sai a ɗago wata doguwar sandar ƙarfe daga jikin injin, shaf suke ce mata, a zura bakinta a kan guntun nan. Masu aikin suna da sunan da suke kiran guntun da bakin, namiji da mace, kuma a gaban kowa suke faɗa. Ni wannan da wancan nake cewa, ya kuma gane.

To zura shi ɗin ne aiki. Wurin matsattse ne, sai ka sunkuya, taya a kafaɗarka, inji a gwiwarka. Sandar tana da nauyi. Ka ɗaga ta, ka riƙa juya ta kaɗan-kaɗan har haƙoran su dace. A gefen bakin akwai wani ɗan maɓalli mai tauri, sai ka danne shi da babban yatsa, kana danne kana turawa. In ya shiga rabi ka saki, ka ƙara turawa har maɓallin ya dawo waje da kansa ya ce ƙyas. Wannan ƙyas ɗin shi ne ya kulle. Sai ka fizgo baya ka tabbatar. Na sha ganin ƙarti suna zagi a wurin nan, wani ya ɗauko guduma. Auta bai taɓa dukan ƙarfe ba. Yakan ce in ya ƙi shiga, kai ne ba ka tsaya daidai ba.

Duk wannan ban san shi da can ba. A shekara biyun nan na koya.

Abin ya fara da cokali. Yana cin abinci cokali ya faɗi, ya ɗauka, ya sake faɗuwa. Bayan wata biyu na ga matarsa ce ke ɓalla masa maɓallin riga. Naman da ke gindin babban yatsansa na dama ya zube, wurin ya yi rami. Suka je asibiti a ɓoye, ranar hutu. Likita ya ce jijiya ce ke bushewa, wadda ta tafi ba ta dawowa, kuma ba ya iya cewa a nan za ta tsaya. Suka dawo da ƙwayoyi a leda. Na yi masa addu'o'in da na sani, na shafa masa.

Tuƙi bai gagare shi ba. Sitiyari da hagu, giya kuma ya tura da gindin tafin hannu. Maɓallin nan ne kawai. In ya ɗaga sandar da hagu, babu yatsan da zai danna. In ya danna da hagu, babu hannun da zai ɗaga.

Wata rana da hantsi sai ga shi ya shigo gida, lokacin da ya kamata yana cikin gona. Rigarsa ta jiƙe. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakina. Ina tsintar shinkafa. Can ya ce, "Inna, ara mini babban yatsanki."

Na ce, "Na yi me da sauran huɗun?"

Ya ɗan yi murmushi. Ya ce ya fi awa yana fama, injin feshi na jira, ya ce wa manaja ya manta makulli a gida. In aka gane hannun, za a sauke shi. Ba a barin mai hannu ɗaya a kan tarakta.

Na ce matarsa fa? Ya ce matar aure in ta riƙa zuwa rumfar injuna kullum, kwana uku kowa ya sa ido. Tsohuwa kuwa babu mai kallon inda ta nufa.

Na ajiye tire na ɗauki mayafi.

Daga ranar kullum da safe nake kai masa shayi a fulas da burodi. Rumfar injunan tana can bayan sito, kwano ne a sama, babu bango ta gefe biyu, kowane direba da nasa lungun. Nasa ne na ƙarshe. Maigadi yakan tare mu da tsiya. "Giya Ɗaya, har yau ba a yaye ka ba?" Shi kuma ya ce, "Kai da aka yaye da wuri ga inda ka ƙare, kana buɗe wa mutane ƙofa." Su yi dariya, mu wuce.

Yadda muke yi ke nan. Ya je ya taso taraktar, ya yi baya da ita har gaban injin, ya kashe, ya zare makullin ya ba ni. Sai na ƙulle shi a bakin zanena. Ya ce muddin makullin na jikina babu abin da zai juya. Ya sa na naɗe mayafina na cusa, ko zare kada ya yi lilo. Sai mu shiga wurin nan mu biyu, shi ta dama ni ta hagu, kanmu kusan a haɗe. Ya ɗaga da hagu, ya tallafe da damtsen dama. Ya ce, "Danna." In danna. "Riƙe. Riƙe. Saki." In saki. Ya tura, mu ji ƙyas. In kwance makulli in ba shi, ya sha shayinsa a tsaye.

Na tambayi kaina ko ƙarya nake yi. Na ga shayin da gaske nake kaiwa, kuma babu wanda ya tambaye ni komai. Na bar shi a haka.

Abin da ya dame ni giris ne. Bakaniken gonar, wani dattijo da suke ce wa Baba Sifana, duk ƙarshen mako yakan bi injunan nan ɗaya bayan ɗaya ya cika su da giris, har maɓallin. Baƙi ne, mai danƙo, ya haɗu da ƙura. In na danna sai ya shige mini ƙarƙashin farce, ya bi layin fata. Ni kuma na sha ji a wa'azi cewa duk abin da ya hana ruwa taɓa fata, alwala ba ta cika ba. In na zuba ruwa sai in ga yana gangarewa a kan yatsan, bai kama ba. Na goge da sabulu, na goge da toka, na kankare da tsinke, har yatsan ya tsage yana jini. In na yi sallar azahar sai in tsaya ina duba shi, ban sani ba ko ta yi ko ba ta yi ba. Wata rana sau uku na sake.

Sai dabara ta zo mini. Na ce maimakon in wanke yatsa, me zai hana in wanke abin da ke ɓata yatsan? Na riƙa tafiya da tsumma jiƙe da ruwan sabulu a leda. Lokacin da ya tafi taso taraktar, ni kaɗai ce a lungun. In goge maɓallin tas, in zura tsumman cikin bakin sandar in juya, kamar yadda nake yi wa kofi. Ƙarfen ya fito fari. Har daɗi nake ji in na gan shi haka. Ban gaya masa ba, don ban ɗauke shi wani abin faɗa ba. Duk abin da na taɓa wankewa a rayuwata gyaruwa yake yi.

Haka muka yi wata bakwai. Wajen ƙarshe ya fara cewa sandar ta yi tauri, sai ya sa gwiwa yake turawa. Ya ɗauka hannun hagun ne ya fara bin ɗan'uwansa. Ya gaya mini haka wata safiya, a hankali, yana kallon taya. Na ce Allah ya sawwaƙe. Ban haɗa shi da tsummana ba.

Ranar da abin ya faru ruwa ake yi, ba mai yawa ba, amma a kan kwano ƙararsa ta cika rumfar. Injin yankan ciyawa ne. Ya ce danna, na danna, da ƙyar ya shiga. Ya ce saki, na saki. Ya tura da gwiwa. Ya ɗago ya ce, "Kin ji?" Na ce, "Na ji kamar na ji." Ya fizgo baya da hannun hagu, bai motsa ba. Ya ce shi ke nan. Ashe tsatsa ce ta riƙe shi. Maɓallin yana ciki bai dawo ba.

Ina gida ina shanya kayan yara da ruwa ya ɗauke, aka zo aka ce sandar ta fice a tsakiyar aiki. Wuƙaƙen injin na kan juyawa, sai suka riƙa wulwula ta. Ta fasa fitilar baya, ta lotsa ƙarfen da ke kan taya, ta tanƙware. Tsakanin inda ta daka da bayansa bai fi taƙi ɗaya ba. Ko ƙwarzane bai yi ba. Matarsa ta zauna a ƙasa tana kuka. Ni na ce alhamdu lillahi, na ci gaba da shanyar. Na tuna har na koma na gyara wani wando da na rataya a karkace.

Da yamma ya dawo ya ba mu labari. Manaja ya sa an kawo sandar ofis, ya duba bakin, ya ga a bushe, ja wur da tsatsa. Ya kira Baba Sifana a gaban mutane. Dattijon ya rantse bai taɓa tsallake mako ba. Manaja ya ce to ina giris ɗin ya tafi, ƙafa gare shi? Ya ba shi zuwa ƙarshen mako ya kwashe kayan aikinsa.

Auta ya ce, "Abin da ya ɗaure mini kai, da idona na ga ya sa. Sauran injuna duk da maiƙonsu. Nawa kawai."

Na bari yara suka fita. Na ce, "Ni na wanke."

Ya dube ni. Na gaya masa na tsumma, da sabulu, da alwala. Bai ɗaga murya ba. Ya sa hannun nan nasa a cinya yana kallonsa. Ya ce, "Kullum?" Na ce kullum. Ya ce, "Har cikin?" Na ce har ciki.

Sannan ya ce, "Baba Sifana 'ya'yansa sun girma, biyu na aiki a birni." Na san abin da yake nufi, wato mu bar dattijon ya ɗauki laifin, ya kuma san na sani. In na faɗi inda giris ya tafi, za a tambaye ni me ya kai hannuna wurin.

Kwana biyu ban je ko'ina ba. Na yi sallolina, na roƙi Allah ya nuna mini. Na jira in ji wani abu a ƙirjina, tsoro ko nauyi ko sauƙi, ban ji ba. Kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Ina ci, ina sha, ina amsa gaisuwa. A rana ta biyu na hango Baba Sifana ta taga, yana tura baro da akwatin ƙarfensa a ciki, shi kaɗai. Shekara talatin yana gonar. Shi ya ɗauki makarar mijina ta gaba.

Rana ta uku na dafa shayi kamar kullum. Auta na ɗaure takalmi da hannu ɗaya. Na ce, "Yau ofis zan fara biyawa." Ya ce, "To." Ya ƙarasa ɗaurin. Ya karɓi fulas ɗin ya riƙe mini har ƙofar gona, abin da bai saba yi ba.

Manajan ba babba ba ne, sa'an ɗana na biyar. Ya tashi ya ba ni kujera. Sandar tana jingine a bango.

Ya ce, "Mama, lafiya? Ko Giya Ɗaya ne ya ƙi shan shayi?"

Na ce, "Maganar giris ce. Dattijon nan ya sa. Ni ce na wanke."

Ya yi dariya kaɗan, ya ga ban yi ba, ya daina. "Kika wanke da me?"

"Da sabulu."

"Don me, Mama?"

"Yana hana ni alwala."

Ya jingina da kujera. Ya dubi sandar, ya dube ni. Na ga lokacin da tambayar ta zo masa. Ya ce, "Me ya haɗa hannunki da shaf?"

Na ce, "Ni nake danna maɓallin."

Bai sake tambayata ba. Ya leƙa ya sa a kira Auta. Da ya shigo, manaja ya miƙa masa hannu kamar za su gaisa, ya ce, "Matse." Auta ya sa hannunsa a ciki. Muka tsaya haka mu uku. Fanka na juyawa a sama. Manaja ya ce, "Matse mana." Auta ya ce, "Na matse, ranka ya daɗe."

Manaja ya saki hannun a hankali. Ya ce, "Tun yaushe?" Ya gaya masa. Ya ce, "Wata bakwai kana shigar da mahaifiyarka tsakanin tarakta da inji." Auta ya ce, "Makullin na wurinta." Manaja ya ce ya sani, ya san shi, amma ba zai iya barinsa a kan tarakta ba. Ya nemi makullin. Auta ya ciro da hagu ya ajiye a tebur.

Aka mayar da Baba Sifana. Ya zo har gida ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce, "Yaya, da kin gaya mini ai da na ba ki safar hannu, suna nan jibge a sito." Na ce ban san akwai ba. Ya ce, "Kuma kananzir na fitar da shi." Na ce to. Ya tashi ya tafi.

Auta ba su kore shi ba. Maigadin nan mai tsiya ya tsufa, aka haɗa su a gadin ƙofa, ɗaya safe ɗaya yamma. Ranar farko maigadin bai yi masa tsiya ba, ya nuna masa inda sakatar ke cijewa. Auta ne ya ce, "Ashe ni ma an yaye ni." Babu wanda ya yi dariya.

Yanzu shekara ɗaya da wata biyar ke nan. Hannun hagun bai bi ba tukuna. Da shi da kafaɗa yake tura ƙofar. Taraktarsa na wucewa ta gabansa sau huɗu a rana, wani ne a kai. Bai taɓa ce mini don me ba, ko sau ɗaya. Yana gaishe ni da safe, yana gaishe ni da yamma, in ya samu nama ya aiko mini da nawa. Da ya yi mini faɗa wataƙila da na ji wani abu. Mutane na ce mini na yi abin da ya dace, Allah zai saka. Ina cewa amin.

Shayin ban daina kaiwa ba, ƙafata ta saba. Ina zama a benci kusa da shi har ya shanye. Daga nan ana jiyo rumfar injuna. Jiya muna zaune muka ji sabon direban yana buga sandar da guduma, yana buga yana zagi. Auta ya riƙe kofin bai kai baki ba. Ya ce, "Bai tsaya daidai ba." Aka ƙara bugawa. Aka yi shiru. Muka saurara, ni da shi. Daga nesa haka ba a jin ƙyas.

Ya miƙo mini kofin, na zuba sauran ruwan zafin na ɗauraye. Yatsan ya warke, tsagar ta rufe, ruwa na kama shi ko'ina. Taraktar ta taso, ya miƙe ya sa kafaɗa a ƙofa.

Iyakar abin da zan faɗa ke nan. Ki rufe littafin, azahar ta kusa.